Yadda Ake Dasa Maganaɗisun Lantarki Mai Raba Taragai a Layin Dogo na Kwaikwayo Mai Ma'aunin N

Duk wanda ya shimfiɗa layin dogo na kwaikwayo a ma'aunin N ya san wahalar raba tarago da tarago da hannu. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon milimita 9 ce kacal, taragon kuma an rage girmansa sau 160 a kayan Amurka da Turai, sau 148 a na Ingila, sau 150 a yawancin na Japan. Ƙaramin tarago mai ƙafa huɗu bai wuce 'yan giram ba. Kana cusa tsinke tsakaninsa da ɗan'uwansa sai ya goce daga layi, ko hannun rigarka ya kwashe sandar sigina. Shi ya sa ake binne maganaɗisu a ƙarƙashin layi ya ɗauke maka aikin.

Maganaɗisu na dindindin ya fi arha, ba ya bukatar waya, sai dai ba ya barci. Duk jirgin da ya ratsa ta kansa a hankali, ƙugiyoyinsa suka ɗan saki, zai raba shi ko ba ka nema ba. Na lantarki kuwa guntun ƙarfe ne kawai har sai ka danna maɓalli. A ƙuryar layin ajiya na dindindin yana iya wadatarwa, amma a babban layi, ko a bakin yadi, wato filin da layukan ajiye taragai suke, inda kowane jirgi ke bi, na lantarki ne ya dace.

Duba ƙugiyarka kafin ka sayi komai

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a wannan aiki shi ne a sayo maganaɗisun da bai dace da ƙugiyar da ke jikin taragai ba. Ƙugiyoyin kashi biyu ne, kowane kashi da irin jan da yake so.

Kashi na farko su ne masu ɗagawa sama. A cikinsu akwai ƙugiyar Rapido, wadda kamfanin Arnold na birnin Nurembag a Jamus ya fito da ita a shekarun 1960, har ta zama gama-gari a ma'aunin N. Ita roba ce, maganaɗisu ba ya kama ta, don haka sai an maƙala mata ɗan hannu na baƙin ƙarfe a ƙasa. Kamfanin Peco na Ingila yana yin irinta marar sifirin, mai suna ELC, da hannun ƙarfe mai lamba NR-103, da maganaɗisu mai lamba PL-25. Akwai kuma ƙugiyoyin DG da B&B, na siririyar tagulla, waɗanda masu son aiki mai kyau a Ingila ke haɗawa da hannunsu: zoben waya ne ke faɗawa kan ƙugiya, da ɗan jela na baƙin ƙarfe yana reto a ƙasa. Duk waɗannan abin da suke so shi ne sandar ƙarfe guda a tsaye a tsakiyar layi, ta ja jelar ƙasa, gaban ya tashi sama.

Kashi na biyu su ne masu kamar dunƙulallen hannu, irin na jiragen Amurka: na kamfanin Kadee a ma'aunin HO, wanda ya fi N girma, na Micro-Trains a N, da Easi-Shunt na kamfanin Dapol. Kowace tana da lanƙwasasshen ƙarfe a ƙasa, kuma ba ta buɗewa sai an ja ƙarfen nan gefe, na wannan tarago dama, na wancan hagu. Idan ka sa musu sanda guda a tsakiya, ƙarafan biyu za su taru a tsakiya, ƙugiyoyin su ƙara damƙe juna. Su naɗin waya a kwance suke so, da faranti biyu na ƙarfe, ɗaya a kowane gefen layi.

Bayanin da ke biye na sanda a tsaye ne, domin shi ne mutum zai iya naɗawa da kansa ya dasa da rami ɗaya. Za a koma kan masu dunƙulen hannu daga baya.

Naɗa koyil

Wanda ya samu PL-25, ko EM-1 da kamfanin Gaugemaster ke sayarwa, ya huta da naɗa koyil, wato naɗin wayar da ke zama maganaɗisu in an ba shi wuta. Wanda bai samu ba, abin da yake bukata ga kowane maganaɗisu shi ne bolti na baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 5 da tsawon 50, noti ɗaya, faifai biyu na kwali mai tauri ko roba masu faɗin milimita 18, da wayar jan ƙarfe mai rufin fenti mai kaurin milimita 0.25. Wayar nan ita ce masu naɗa koyil ɗin fanka da ƙananan taransifoma ke aiki da ita. A wurinsu ka nemi lamba 33 a ma'aunin SWG, ko 30 a ma'aunin AWG.

Tafi da ɗan maganaɗisu wurin sayen boltin. Yawancin bolti masu ƙyalli da ba sa tsatsa maganaɗisu ba ya kama su, kuma ko waya nawa ka naɗa a kansu ba za su ja komai ba. Masu tauri sosai, irin na injin mota, su kuma suna riƙe ragowar ja bayan an ɗauke wuta, su dinga taɓa jelar taragon da ke wucewa. Bolti na talaka, mai laushi, shi ne gwani a nan.

Zura faifai ɗaya har ya zauna a kan boltin, ka bar tazarar milimita 25, ka sa faifai na biyu, ka tokare shi da noti da ɗigon gam. Tsakanin faifan biyu, naɗe zaren boltin da tef ɗin takarda zagaye biyu. Kada a tsallake wannan, domin zaren bolti yana da kaifi, yana yanke fentin waya, wuta ta shiga ƙarfen. Huda ƙaramin rami a faifan ƙasa, ka fito da kan waya tsawon yatsa, sa'an nan ka danne ƙarshen boltin a bakin injin huda na hannu, kana juyawa a hankali, ɗaya hannun yana jagorar waya daga faifai zuwa faifai. Kowane sahu yana ɗaukar zagaye 85 ko makamancin haka. Sahu 12 ya ba ka kusan zagaye 1,000, wato waya kimanin mita 28. Ba sai ka ƙirga ba. Wayar tana da turjiyar kusan om 0.35 a kowace mita, saboda haka idan na'urar awon lantarki, wato mita, ta nuna maka kusan om 10, ka isa.

Kankare fentin bakin wayar biyu da samfefa har jan ƙarfen ya fito fes, ka haɗa su da waya mai laushi mai rufin roba, ka liƙe da dalma, ka ɗaure mahaɗar a jikin koyil da tef yadda ko an fizgi wayar waje siririyar ba za ta tsinke ba. Daga nan gwaji biyu. Tsakanin wayoyin biyu, om 10 ko kusa da haka. In ka ga biyar ko shida, wasu zagaye sun haɗe a ciki, koyil ɗin zai yi zafi da wuri kuma ba zai yi ƙarfi ba. In mita ba ta motsa ba, ko waya ta tsinke ko ba ka kankare fentin da kyau ba. Tsakanin kowace waya da jikin boltin kuwa, bai kamata mita ta nuna komai ba.

Zafi shi ne babban abokin gaba

A volt 12, koyil mai om 10 yana jan amp 1.2, wato kusan wat 14 na zafi a cikin abin da bai kai babban yatsa ba. Jan ƙarfen da ke cikinsa kusan giram 12 ne kawai, don haka a farkon dannawa zafinsa yana hawa da kusan digiri uku a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyar ba komai ba ne. Rabin minti kuwa ya kai shi inda ba a taɓa shi da hannu, kuma boltin yana ɗaukar zafin nan ya kai shi sama, ga gumagumai na roba da ƙarafan dogo ke zaune a kansu. Robar na yin laushi sai tazarar dogo ta canza, ka samu wurin da kowane tarago ke faɗuwa ba ka san dalili ba. In aka ci gaba, fentin waya ya ƙone, koyil ya tashi aiki. A ɗakin da zafinsa ya kusa digiri 40 a watannin bazara, lokacin da kake da shi ya ƙara gajarta.

Tun kafin ya ƙone ma yana raguwa. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, don haka koyil ɗin da ya ƙara digiri 50 ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa. Wannan ne dalilin da maganaɗisu ke aiki sarai a farkon wasa, bayan an raba taragai goma a jere ya soma kasawa. Ba lalacewa ya yi ba, a bar shi ya huce.

Saboda haka maɓallin da za a sa dole ya zama irin wanda ke komawa da kansa da zarar an ɗage yatsa. Makunni mai tsayawa a kunne ba shi da wuri a nan, ko sau ɗaya aka manta da shi an gama.

Zaɓen wuri

Kafin a huda komai, a yi gwaji a kan benci. Ɗauki guntun katako irin na teburinka, ka manna guntun layi tsawon taku ɗaya, ka dasa maganaɗisu ɗaya, ka tura taraganka ɗaya bayan ɗaya. Abin da ka koya a nan game da tsayin sanda da tsawon jela ya fi duk wani lissafi, kuma katakon gwaji ba ya tsada idan aka ɓata shi.

A kan teburin gaske, wurin ya zama miƙaƙƙe. Ka tabbata akwai miƙaƙƙen layi tsawon mafi tsawon taragonka a gaba, da irinsa a baya. A kan kwana ƙugiyoyi suna karkata waje, jelar ta kauce daga saman sanda, zoben kuma ya matse a gefen ƙugiya ya ƙi tashi. Kada wurin ya zama gangara, don taragon da aka saki zai bi jirgin ya sake kamawa, ko ya gangara ya tare mararraba. In a bayan mararraba ne, ka tura mafi faɗin taragonka ta ɗaya reshen, ka ga daga ina ne ba ya gogar wanda aka ajiye, ka sa maganaɗisu bayan wannan wuri.

Ƙugiyoyin DG da B&B suna da wani ɗan harshe da ke hana zobe komawa muddin ana tura taragon. Da irinsu, maganaɗisu ɗaya a wuyan yadi, kafin layuka su rarrabu, ya isa layin ajiya huɗu ko biyar: a raba a wuya, a ci gaba da turawa har inda ake so, a janye. Rapido ba ta da wannan harshe, inda aka raba nan za a bar tarago, don haka kowane layin ajiya sai da nasa.

Leƙa ƙarƙashin tebur da fitila. Sau da yawa wurin da ya fi dacewa a sama ya faɗa daidai kan katakon tokari ko injin juya mararraba. Koyil yana bukatar fili mai faɗin milimita 25 da zurfin 40. Gara a matsar da shi tun yanzu da a sare tokari daga baya.

Huda da dasawa

Ya fi sauƙi a huda kafin a manna layi. In an riga an manna, sa alama daidai tsakiyar ƙarafan biyu, milimita 4.5 daga cikin kowanne. Tazarar da ke tsakanin gumagumai a N ba ta kai milimita 5 ba, don haka ka yanke tsakiyar gungume ɗaya da wuƙa mai kaifi, ka bar gefensa biyu da ke riƙe da dogo. Fara da bakin huda na milimita 2 daga sama, a miƙe tsaye, sa'an nan ka faɗaɗa zuwa 4.5 a hankali. Babban baki da gudu yana cafke roba ya ɗaga layin gaba ɗaya.

Ramin 4.5 da bolti mai 5 da gangan ne. Boltin zai yanka wa kansa zare a cikin katakon filawud, ya zauna daram ba gam, kuma kana iya ɗaga shi ko sauke shi da juyi. Zaren bolti mai milimita 5 yana tafiyar milimita 0.8 a kowane cikakken juyi, rubu'in juyi ke nan 0.2, daidai irin gyaran da ake bukata. Yi wannan saiti kafin ka haɗa wayoyi da sauran tebur, don kada su murɗe. Maganaɗisun kanti kuwa sai ka auna kaurin sandarsa ka huda daidai da shi.

Tsayin kan sanda shi ne zuciyar aikin. Jan maganaɗisu yana faɗuwa da sauri ƙwarai da nisa, milimita ɗaya tana iya raba aiki da rashin aiki. Dogon da ake kira kod 80 tsayinsa milimita 2 ne daga kan gungume, na kod 55 kuwa 1.4. Jelar ƙugiya dole ta tsaya aƙalla rabin milimita sama da kan dogo, in ba haka ba za ta sarƙe a mararraba. Ke nan idan kan sanda ya yi daidai da saman gungume, tazarar da ja zai ratsa milimita 2.5 ce a kod 80, ƙasa da 2 a kod 55. Fara daga nan. In jan bai isa ba, ɗaga sandar kaɗan-kaɗan, amma kada ta wuce rabin tsayin dogo. Ɗora ƙaramar rula a kan ƙarafan biyu ka tabbata haske na wucewa tsakaninta da kan sanda, domin murfin giyar wasu injuna yana sauka ƙasa sosai.

Kaurin tebur ma yana da tasiri. Filawud mai milimita 9, da shimfiɗar toto mai 2 ko 3, da gungume, sun kai kusan 14, kuma wannan tsawon sanda ba laifi. A tebur mai kaurin 18 ko fiye, jan yana zubewa ta gefe kafin ya kai sama. Maganinsa a rarake katakon daga ƙasa da faffaɗan baki mai milimita 20, har kaurin da ya rage ya koma 8 ko 9, koyil ya matso kusa da layi. In sandar ta yi tsawo, cire ta ka yanke ta a wani wuri nesa da tebur, ka goge bakin da magagari, ka share. Garin ƙarfe in ya zuba a kan layi, maganaɗisun da ke cikin motar injin zai tsince shi ya kai cikin giya.

Haɗa wuta

Kada a ɗebi wutar maganaɗisu daga layin dogo, ko na DC ne ko na DCC, wato tsarin tuƙa injuna da saƙon dijital ta cikin dogo. Amp ɗaya da ɗoriya a lokaci guda zai sa jirgi ya yi tsalle ko ya tsaya, daidai lokacin da kake son ya yi rarrafe. A ba shi adafta tasa, volt 12 na DC mai amp 2. Tunda ɗaya ake dannawa a lokaci guda, adafta ɗaya ta isa maganaɗisu goma. Na'urar da ke harba wuta ga injin juya mararraba ita ma ba ta dace ba, bugu ɗaya take yi na ƙiftawar ido, alhali ana bukatar ja mai ɗorewa na 'yan daƙiƙoƙi.

Daga wayar + ta adafta zuwa duk maɓallan, daga kowane maɓalli zuwa koyil ɗinsa, ɗaya wayar kowane koyil ta koma wayar − guda da ke zagaya tebur. Yi amfani da waya mai kaurin rabin milimita murabba'i. Maɓallin ya zama mai ɗaukar amp 2 ko 3. 'Yan mitsi-mitsin da ake gani a cikin rediyo da rimot na 'yar wuta kaɗan ne, suna iya narkewa su manne a kunne, wanda shi ne mafi munin abin da zai faru da koyil.

Koyil bai damu da wace waya ce + ba, baƙin ƙarfe yana zuwa ko ta wane kai. Diyod, wadda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ita ce ta damu. A kan kowane koyil a gicciya diyod 1N4001, ko kowace daga danginta har 1N4007, gefen mai farin zobe yana kallon +. Lokacin da aka saki maɓalli, koyil yana mayar da wani bugun wuta mai ƙarfin volt, wanda ke cinye bakin maɓalli da tartsatsi, ya kuma rikita na'urorin lantarki na kusa. Diyod tana shanye bugun. In aka juya ta, wuta za ta bi ta cikinta kai tsaye, ta ƙone ko adafta ta ɗauke.

Mai taransifoma ta volt 16 na AC zai iya amfani da ita, amma AC tana sa jela karkarwa da ƙugi, zobe ya dinga rawa maimakon ya tashi ya tsaya. A sa gadar diyod huɗu ta mayar da ita DC. Sai a lura: in aka ƙara kafasita don a lallausa wutar, volt 16 na AC yana komawa kusan 21 kafin a ɗora masa nauyi, koyil mai om 10 zai sha zafi fiye da ninki biyu na abin da yake sha a volt 12. A wannan hali a ƙara zagayen waya, ko a bar kafasitar. Diyod ɗin kariya kuma ba a sa ta a kan koyil da ke cin AC kai tsaye.

Ƙaramar fitilar LED da rezisto mai om 1,000 a gicciye da koyil, a kan allon maɓallai, tana nuna maka wanne ke kunne. Inda yara ko baƙi za su taɓa tebur, yana da kyau a sa mai ƙayyade lokaci. Ɗan guntun lantarki mai lamba 555 da rezisto mai kilo-om 470 da kafasita mai maikurofarad 10 yana ba da daƙiƙa biyar da 'yan kai, ya tuƙa rile ko taransista. Amma a shigar da bugun maɓalli ta wata ƙaramar kafasita, domin in an haɗa kai tsaye, 555 yana zama a kunne muddin yatsa na kan maɓallin, kariyar ta zama ba ta da amfani.

Ba a nan gizo ke saƙar ba

Maganaɗisu yana iya zama lafiya lau, taragai su ƙi rabuwa. Mafi yawan lokaci laifin na ƙugiya ne ko na tuƙi.

Ƙugiya ba ta buɗewa tana a ɗame. In jirgi na ja, zoben yana manne da ƙugiya da ƙarfin da ya fi na maganaɗisu. Da Rapido, a tsaya da mahaɗar a kan sanda, a ɗan koma baya ƙugiyoyin su saki, a danna, a janye a hankali, a saki maɓalli. Da DG, ana dannawa ne ana cikin turawa, zobe ya tashi, harshe ya shige ƙarƙashinsa. Injin da ba ya iya rarrafe ba zai yi wannan aiki ba, don haka a goge dogo da ƙafafun injin kafin a zargi koyil.

Tsayin ƙugiyoyi dole ya zama ɗaya a duk taragai. Yanka ɗan ma'auni na roba ko katako da ke zama a kan dogo, ka gwada kowane tarago da shi, ba da wani tarago ba. A Rapido, sa hannun ƙarfe a kai ɗaya kawai na kowane tarago, duk suna fuskantar gefe guda, domin in biyu suka tashi tare suna nan a sarƙe. Masu DG da yawa su ma zobe ɗaya suke sawa a kai ɗaya, don kada zobba biyu su hau juna. Sharaɗin dai kada a juya tarago.

In tarago yana zabura ya nufi maganaɗisu da an danna, duba sandar da ta haɗa ƙafafunsa da nauyin da ke cikinsa. In baƙin ƙarfe ne, maganaɗisu yana jan taragon gaba ɗaya, ƙugiya ta sake ɗamewa. A canza nauyin zuwa dalma ko tagulla. Tarago mai sauƙi da yawa shi ma yana yawo. Ƙungiyar NMRA ta masu jiragen kwaikwayo a Amurka ta ba da shawarar giram 14 ga taragon N, da ƙarin giram 4 da 'yan kai a kowane inci na tsawonsa, wato kusan giram 27 ga tarago mai inci 3. Ga ƙananan taragan Ingila masu ƙafa huɗu wannan ya yi yawa, abin da ya fi muhimmanci shi ne nauyinsu ya yi kusa da juna. Ɗan guntun soso da ke shafar sandar ƙafar taragon ƙarshe yana hana jerin yin gaba da baya.

Kada man inji ya kusanci ƙugiya. Yana kama ƙura, musamman a hunturu, ya zama danƙo, ja na 'yan giram kuwa ba ya iya danƙo. Garin bakin fensir ya isa. Fenti ma haka: bayan an fesa wa tarago fenti, a motsa zobe da hantsaki a ga yana faɗuwa da nauyin kansa.

Masu dunƙulen hannu

A HO, Kadee tana sayar da na lantarki mai lamba 309, wanda ke zama ƙarƙashin gumagumai. Ba rami ɗaya yake so ba, sai an yanke taga mai kusurwa huɗu a tebur, don haka a dasa shi kafin a shimfiɗa layi, a bi awon da ke takardarsa. Yana cin kusan amp 3 a volt 16 na DC, adaftar amp 2 ba za ta ɗauke shi ba. Dole tsakiyarsa ta yi daidai da tsakiyar layi, in ya karkata ƙarfe ɗaya ne zai buɗe, ɗayan ya bi shi.

Lanƙwasasshen ƙarfen ya tsaya milimita 0.8 sama da dogo a HO, 0.25 a kayan Micro-Trains na N. Ma'aunin Kadee 205 da na Micro-Trains 1055 don wannan aka yi su, filayar Kadee 237 kuma tana lanƙwasa ƙarfen ba tare da ta fasa ƙugiya ba. Tuƙin shi ne a tsaya, a saki, a danna, a ɗan janye har ƙugiyoyin su karkata gefe, a dawo a tura ana riƙe da maɓalli har su haɗu a buɗe, sa'an nan a saki a ci gaba da turawa.

Tsakuwa da alama

Sai kowane tarago ya rabu sau da yawa a jere ba kuskure kafin a zuba tsakuwa. Toshe kewayen sanda da ɗan gam mai kauri tukuna, domin farin gam na kafintoci da ake sirkawa rabi da rabi da ruwa, da ɗigon sabulun wanke-wanke, yana bin kowace kafa ya sauka kan koyil, ya kuma sa boltin tsatsa. Shafa wa kan sanda siririn fenti mai launin gungume. Gwada tsakuwar da maganaɗisu tun tana cikin roba, wadda aka niƙa daga wasu duwatsu da yashin rafi suna ɗauke da ƙarfe, za su taru a kan sanda kamar gashi. Kada tsakuwa ta rufe kan sanda ko ta fi gumagumai tsayi a wurin.

Da an gama, maganaɗisun ya ɓace wa ido, taragai kuma suna rufe tsakiyar layi. Sa alama a gefen da kake tsayawa, daidai da sandar: ɗan mutum-mutumin ma'aikaci, ko ganga, ko ɗigon farin fenti a ƙarshen gungume. In layukan ajiya suna jere, alamar na baya ta zama mai tsayi, kamar sandar fitila, don ta leƙo ta saman taragan da ke gaba. A ƙarƙashin tebur kuma rubuta lambar kowane koyil da om ɗin da ya nuna ranar da aka dasa shi, domin in wata rana ya soma rauni, mita ta gaya maka ko naɗin ne ya haɗe a ciki ko ƙugiya ce ta sauka.